Sawun Zabo a Bakin Buhu

Shafi na 19

Da sunan Allah mai rahama.

Tun shekaranjiya kuke bi na da saƙo, wasu har da faɗa, wai na samo wa Zaliha sana'a na yi kwanciyata. To, ga ni. Masu cewa ai wahalarta ta ƙare, ku gyara zama. Ni da na rubuta shafin nan, sau biyu ina ajiye waya ina share ido.

Wanda ya shigo yau, ga inda muke. Shekara ta huɗu ke nan da Nasara suka kama yaƙi a can ƙasarsu, talakan Adar na ɗanɗana kuɗarsa a nan. Malam Lurwanu, mijin Zaliha, an tafi da shi aikin hanya da ƙafafunsa, an dawo da shi Madawa a kan jaki, ƙugu ya goce. Noma ya gagara. Ita kuwa matar kulle ce, ga yara biyu. Sau biyu ana kawo mata aikin cikin gida Malam na korawa. Na farko ɓoye atamfar fasa-ƙwauri a ƙarƙashin gadonta, na biyu kaɗin zaren da ake jiƙawa don ya yi nauyi a ma'auni. Ya ce ba a gidansa ba.

Sai ga Hajo dillaliya da aiki na uku. Buhun algarara ya ɓace a kasuwa saboda yaƙi, wani ɗan kasuwa na neman mai saƙa masa buhunan kaba, ladan kuma hatsi ne. Wannan kam Malam ya yarda. Wata uku ke nan tukunyar gidan ba ta wuni a kife ba. Hatsin bayan nan dai sai an wanke shi sau uku saboda toka, har wuri, irin na kuɗin da can, Zaliha ta taɓa tsinta a ciki, amma wa ke ƙorafi a irin wannan shekara?

To, mu je.

*

Bayan azahar Zaliha na zaune ƙarƙashin rumfa, ƙafa a miƙe, tana ɗinke bakin buhu na ƙarshe, sai ta ji sallamar da ta sa basilla ta faɗi daga hannunta.

"Salamu alaikum, masu gida."

Muryar nan ko a tsakiyar kasuwa ta ji ta, ba za ta ɓace mata ba.

"Inna!"

Inna Saude ce, mahaifiyarta, daga ƙauyensu da ke bayan Babankatami. Kwana biyu a hanya, ƙafafu sun yi furu-furu, ta rame har ƙashin wuya ya fito. A zaure Malam Lurwanu ya dogara sanda ya karɓi igiyar jakuna biyu ya ɗaure, kansa a sunkuye saboda kunyar suruka.

Zaliha ta leƙa ta ga jakunan. Babu kaya a kansu, ko ƙullin kuka. Abin ya ɗan tsaya mata a rai, don Inna ba ta taɓa zuwa hannu sake ba, amma murna ba ta bar ta ta yi tunani ba. Ta shimfiɗa tabarma, ta dama fura da nono, ta durƙusa ta miƙa.

Inna ta kafa kai, ba ta sauke ƙwaryar ba sai da ta ga gindinta.

"Alhamdu lillahi. Rabona da hura irin wagga tun kaka. Allah shi yi maki albarka, Auta."

"Amin, Inna. Ina Baba? Ina mutanen gari?"

"Suna nan, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Ana cin tafasa, ana shan ruwa, ana jiran Allah."

Zaliha ta jawo buhunan da ta gama ta baje su a gaban uwarta. Ku yafe mata, jama'a, 'ya ce ke son uwa ta yaba.

"Inna, dubi sana'ata. Ina zaune ɗakina, ba ni roƙon kowa, ba ni cin haram. Malam da kainai ya bincika kahin in sa hannu."

Inna ta shafa bakin buhun. A nan ne adon yake, jan kaba uku da baƙi ɗaya a tsakiya, a karkace kamar sawun zabo. Ta yi murmushi.

"Ai na gane su. Hannunki ya ƙara kyau."

"Kin gane su? Ina kinka gan su?"

"Ke dai ba ki rabo da wasa." Inna ta dafa gwiwa za ta miƙe. "Tashi ki nuna mani inda kinka aje, in gani ko ƙwari ba su shiga ba. Shamuwa ta sauka bisa tsamiyar masallaci tun ran Laraba, hadari na haɗuwa gabas. Babanki yac ce kar in kwana, in ɗora in juyo."

"In nuna maki mi, Inna?"

"Iri mana."

"Wane iri?"

Inna ta tsaya a rabin miƙewa.

"Zaliha."

 Inna ba ta kiran sunanta sai abu ya ɓaci.

"Na tsufa da wasan ga. Irin shukarmu. Na gidanmu da na gida shida. Wanda kinka aiko anka ɗauka."

"Ni? Ni na aika?"

"Ke."

"Inna, wallahi tallahi ban aiki kowa ba. Rabon da in aika gida tun bikin sunan ɗiyar ɗan'uwana Tanimu."

  Inna ta koma ta zauna a hankali, ta zuba wa 'yarta ido, tana neman dariya a fuskarta. Babu.

"Sake hwaɗi in ji."

"Ban aiki kowa ba, Inna."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

Sau uku ta maimaita, muryarta na ƙara yin ƙasa. Zaliha ta rarrafo ta kama ƙafarta.

"Don Allah mi anka yi? Ki gaya mani, Inna."

Inna ba ta dube ta ba. Bango take kallo, tana magana kamar mai ba da labarin wani gari.

"Wata biyu da sunka wuce, da hantsi, wani mutum yaz zo bisa raƙumi. Rawani fari, magana a sanyaye, ya san gaisuwa. Yac ce sunanai Isaka. Yac ce ke kinka aiko shi."

"Ban san wani Isaka ba!"

"Bari in gama. Yac ce kin ji daga matan bariki za a zo da dawaki a buɗe rumbuna a kwashe hatsi a kai ma soji, ko iri ba a bari. Kin san an taɓa yi, ba wanda ya manta. Yac ce kin ce mu zuba irinmu cikin buhu shi kawo maki, don ba mai shiga ɗakin matar kulle shi yi bincike. In shamuwa ta sauka mu zo mu ɗauka."

"Baba ya yarda?"

"Babanki bai yarda ba. Yac ce bai san shi ba, bai san ubanai ba. Har ya miƙe za shi shiga gida. Sai mutumen ya kwance ɗauri ya baje buhuna ƙasa."

Inna ta sa yatsa a kan jan kaba uku da baƙi ɗaya.

"Babanki ya dube ni. Ni kau na ɗauka, na juya ciki, na juya waje, na ga inda kika lanƙwasa baƙin da hagu awa yadda kakarki ka yi. Nic ce, Malam, hannun Auta na. In ba ita ta aiko ba, a yanka ni."

Wayyo Allah.

Wanda bai san al'adar mutanen nan ba zai ce, to, ado a bakin buhu har ya isa a buɗe rumbu? Ya isa. Ba su da takarda, ba su da hatimi. 'Yar da aka kai aure nesa, in za ta aika gida da magana mai nauyi, sai ta saƙa ɗan guntun kaba da alamar ɗakin uwarta ta ba wa manzo. Duk wanda ya zo da ita, maganarsa maganarta ce, ba a tambayarsa rantsuwa. Kowane ɗaki da tasa, daga uwa sai 'ya. Ta ɗakin su Inna Saude ita ce sawun zabo, kuma duk duniya hannu uku suka iya ta: Inna, da yayar Zaliha da ta rasu, da Zaliha.

"Da namu kaɗai na, da sauƙi," in ji Inna. "Ni da kaina na bi gida gida. Gidan liman, gidan Ɗanmaraya maƙeri, har gidan gwauruwar nan mai marayu huɗu. Tac ce mani, Saude, ina tsoro, shi kaɗai gare ni. Nic ce mata, ɗiyata ba ta cin amana. Ni na riƙe mata bakin buhu tana zubawa."

Zaliha ta ɗora hannu biyu a ka. Kuka ma ya ƙi zuwa.

"Yanzu ki gaya mani." Sai yanzu Inna ta juyo. "Ƙaƙa alamar ɗakinmu ta hau buhun ɗan kasuwa?"

Zaliha ta sunkuyar da kai.

"Da ke nika magana."

"Hajo ta, Inna. Mai kawo mani aikin. Ta ga sanhon kabar da kinka saƙa mani na aure rataye cikin ɗaki. Tac ce mai kayan na son ado a bakin buhu, don a bambanta nashi da na wasu. Tac ce in na iya wanga, za a ƙara mani awo."

"Sai kinka iya."

"Tac ce arewa za a kai su, a zuba gishiri. Nic ce wa za shi gane ta can? Kuma... kuma tac ce ba ta taɓa ganin hannu awa nawa ba."

Can ne muryarta ta karye. Gaskiyar magana ke nan, jama'a, ba awon ne kaɗai ya ja ta ba. Matar da ta yi shekara shida tsakanin bango huɗu ba wanda ya ce mata sannu da aiki, aka wayi gari wata ta ce hannunta ya fi na kowa. Ina jin haushinta, ina kuma jin tausayinta, ban san wanne ya fi ba.

"Ran da na koya maki ita," Inna ta ce, "bayan rumbu, kina shekara goma sha ɗaya, mi nic ce maki?"

"Inna..."

"Mi nic ce maki?"

"Kinka ce ba ado ba ta."

"Mi ta?"



"Kinka ce bakina ta. Duk inda ta tahi, ni na yi magana."

"To, kin yi magana, Zaliha. Gida bakwai sun ji, sun kuma bi."

Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Sandar Malam Lurwanu ce. Ya jawo jiki zuwa ƙofar zaure ta ciki, ya tsaya daga nan, don bai taɓa haɗa inuwa ɗaya da surukarsa ba. Duk ya ji.

"Inna, ki gafarce ni in sa baki."

"Hwaɗi, Malam."

"Ni na amince da aikin ga. Abu uku na tambayi Hajo: ko kabar ta sata ta, ko abin da za a zuba haram na, ko mai kayan na cin riba. Duk ta rantse mani. Ban tambayi adon ba, don ban san mi shika nuhi ba. Ni ɗan birni na. In da laihi, a ɗora mani."

"Kai ba ka sani ba," in ji Inna. "Ita ta sani."

Ba ta ɗaga murya ba. Da ma ta mare ta, da ya fi wa Zaliha sauƙi.

Ana cikin haka sai ga sallama da guɗa-guɗa tun daga waje.

"Ina mai hannun zinariya? Ina amaryar Malam? A taya ni saukewa, wuyana ya ƙage!"

Hajo ce. Ni dai matar nan tun shafi na goma ba ta kwanta mini ba, kun kuwa ce na cika zargi. Ta ratsa ta gefen Malam da ƙatuwar ƙwarya a ka, an rufe da faifai, baki jajur da goro. Ba wanda ya tashi taya ta. Ta sauke da kanta tana haki, ta dubi wannan, ta dubi wancan.

"A'a, baƙuwa munka yi? Sannu da hanya, baiwar Allah. Lahiya na ga gidan awa an yi rasuwa?"

"Innata ta," in ji Zaliha. "Daga Babankatami."

Hajo ta daina tauna goro. Ɗan lokaci ne ƙanƙane, amma duk sun gani.

"Ma sha Allah. To, ni sauri nika yi, ɗiyata. Haɗo mani buhunan in wuce, mai kaya na jira."

Ta miƙa hannu. Zaliha ta taka buhunan da ƙafa.

"Gwaggo Hajo, mi na sunan mai kayan?"

"Ke kuma yau? Ina ruwanki da sunan maza, kina matar aure?"

"Mi na sunanai?"

"Malam, ka ji matarka..."

"Ba ta amsa," in ji Malam Lurwanu. Ya gitta sandarsa a ƙofar zaure.

Hajo ta dubi sandar, ta dubi katanga, ta ga ba hanya.

"Isaka. Isaka sunanai. Sai mi?"

Inna ta rufe ido.

"Gishiri anka zuba cikin buhunana?" Zaliha ta tambaya.

"Ni na sani? Ni dillaliya ta, in kawo kaba in karɓi buhu. Abin da anka zuba ba ni bi."

"Kin rantse ma Malam."

"Abin da anka gaya mani na rantse a kai!"

"Wa yac ce a sa alamar ɗakinmu? Ke ko shi?"

Hajo ta shiga gyara ɗaurin zane wanda bai kwance ba.

Inna ta miƙe. Tsohuwa ce 'yar ƙarama, ba ta kai kafaɗar Hajo ba, amma sai da Hajo ta ja da baya.

"Baiwar Allah, ban san ki ba, ba ni faɗa da ke. Gida bakwai na baro suna kallon gabas. In ruwa ya sauka ba su da abin sa wa rami, bana ba kaka, baɗi ba gari. Akwai mai marayu huɗu cikinsu. Ki dubi Allah ki gaya mani abin da kinka sani, don za a tambaye ki inda ba dillanci."

 Hajo ta zube a kan turmi.

"Shi yac ce. Yac ce in nemo mashi matan da anka auro daga ƙauye, masu alamar ɗaki. Yac ce masu saye na son ado. Na samo mashi huɗu. Ɗaya 'yar wajen Keita, biyu 'yan Buza, sai Zaliha."

"Ke ɗiyar ƙauye ta?" Inna ta tambaya.

"I."

"Ɗakinku na da alama?"

Hajo ta sunkuyar da kai.

"Akwai."

"Kin ba shi taku?"

Hajo ta kau da kai.

"Kin ba shi taku, nic ce?"

"Ban ba shi ba."

Kun ji ko? Ta sani. Ko ba ta san komai da komai ba, zuciyarta ta gaya mata, shi ya sa ta ɓoye tata ta sayar da ta 'ya'yan mutane. Allah Ya raba mu da mai shigo mana gida da fara'a irin wannan.

"Na yi zargi," Hajo ta ce tana sharɓe. "Wallahi zargi kawai na yi. Ni ma baki shida gare ni gida, ba miji. Nic ce in na tambaya shi kore ni shi nemi wata."

"Ina shike yanzu?" Malam ya katse ta.

"Zangon bayan gari, wajen rijiyar raƙuma. Shina ɗaurin kaya. Kudu za shi, ƙasar Ingilishi, can hatsi ya yi tsada."

"Yaushe?"

"Yau. Buhunan ga shika jira shi zuba sauran. Yac ce in ban iso ba har anka kira la'asar, shi ɗaure abin da ya samu shi tahi."

Gaba ɗaya suka dubi inuwar katanga. Ta riga ta ci rabin tsakar gida.

Hajo ta tura ƙwaryar da ta shigo da ita gaban Zaliha, kamar mai ture garwashi.

"Ga ladanki na wanga karo. Ni dai na sauke, ba ruwana. Ku bar ni in tahi."

Faifan ya zame ya faɗi.

Inna ta kalli abin da ke ciki. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta durƙusa a hankali, gwiwoyinta na ƙara, ta cusa hannu har wuyan hannu, ta ɗebo. Hannun ya fito fari fat da toka. Ta kai hanci ta shinshina. Ta murza ƙwayar tsakanin yatsu, manya-manya, zaɓaɓɓu, babu ƙanana a ciki.

"Tokar tsamiya," ta ce, ba da kowa take ba. "Da barkono, don ƙwari."

"Inna, mutane da yawa na sa toka," Zaliha ta ce da sauri. Ita kanta ba ta yarda da abin da take faɗa ba.

 Inna ta sake cusa hannu tana lalube, tana juyawa. Sai hannun ya tsaya. Ta zaro wani abu ta hure tokar.

Wuri ne, tsoho, ya yi ruwan ƙasa, an zura masa jan zare.

"Na uwata na," in ji Inna. "Huɗu ta bar mani. Da munka zuba iri, kowane gida ya sa shaida cikin nashi don kar a haɗe. Liman ya sa tsinke, maƙeri ya sa ƙusa. Namu buhu huɗu na. Na sa wuri ɗaya ɗaya daga sama, sannan na ɗinke."

Zaliha ta miƙe kamar ba ita ke tafiyar da ƙafafunta ba. Ta shiga ɗaki. Suka ji ta buɗe tukunyar da take ajiyar tarkacen yara. Ta fito hannu a dunƙule, ta durƙusa gaban uwarta, ta buɗe.

Wuri biyu, kowanne da jan zare.

"Na aje ma ɗiyata Amina," ta ce, murya ba ta fita sosai. "Nic ce in ta yi wayo in yi mata abin wuya."

Inna ta ɗauke su ta haɗa da na hannunta. Uku.

"Tun yaushe kuka ci?"

"Tun watan jiya."

"Kullum?"

"Kullum, Inna. Tuwo da dare, hura da rana."

Idon Inna ya sauka a kan ƙwaryar furar da ta shanye, tana nan a gefen tabarma, ƙuda na bin bakinta.

"Wadda nis sha?"

Zaliha ta gyaɗa kai. A nan kukan ya ƙwace mata, irin wanda ba ya fita da ƙara, sai dai jiki ya yi ta girgiza.

"Kuma na sa maki albarka a kai," Inna ta ce.

Ba ta yi kuka ba. Wallahi da ta yi, da na fi samun sauƙin rubutawa. Sai ta kwance mayafinta ta shimfiɗa a ƙasa, ta juye hatsin ƙwaryar a kai a hankali, kamar mai kwantar da jariri. 'Yan ƙwayoyin da suka zuba lokacin da faifai ya faɗi, ta bi su ɗaya ɗaya tana tsincewa daga cikin rairayi, tana korar kaji da gwiwar hannu.

"Babanki zangarniya zangarniya ya zaɓe shi," ta ce tana tsinta. "Tun kakanai ba a taɓa sake irin ga ba. Shekarar fara mun ci ganye, mun ci dusa, mun binne ɗiya biyu, ba mu taɓa shi ba."

Ta ƙulle mayafin ta rungume a ƙirji.

"Kar wanda ya ƙara sa wanga cikin turmi."

Daga gabas aka yi wata doguwar tsawa, can nesa. Iska mai sanyi ta shigo ta ɗaga gefen tabarma.

Zaliha ta share fuska da bayan hannu. Ta dubi wuri ukun da ke tafin uwarta.

"Huɗu kinka ce, Inna."

"Huɗu."

"To, ɗaya ba a buɗe shi ba. Da na liman, da na maƙeri, da na mai marayu, wataƙila."

"Wataƙila."

Zaliha ta tattara buhunan da ta gama, ta naɗe, ta ɗora a ka. Ta fizgi mayafinta daga igiya. Ta damƙi wuyan hannun Hajo, Hajo ta yi ƙara, Zaliha ba ta sake ba. Ta ja ta har ƙofar zaure, inda sandar Malam ke gicciye.

"Zaliha, ina za ki?" Malam ya ce. "Mutanen zango da takobi suka kwana. Bari in nemo maza."

"Da wace ƙahwa, Malam? Kuma maza su ce mashi mi? Shi ce hatsinai na, ya saya. Wa ka iya tsayawa gaban mutane shi warware bakin buhu, shi nuna inda baƙin ya lanƙwasa da hagu, shi ce hannuna na, ƙarya anka yi da shi? Ni kaɗai."

"Gari duka za shi ji ke kinka saƙa."

"Shi ji. Bakina ya yi magana ban sani ba, yau za shi yi ina tsaye."

Ta durƙusa, buhuna a ka, hannun Hajo a nata.

"Shekara shida ban taka ƙofar gidan ga da rana ba. Ban taɓa roƙonka ba. Yau ina roƙo. Ka ɗauke sandar."

Malam Lurwanu ya dubi matarsa. Ya dubi surukarsa, tsaye a tsakar gida ba mayafi, rungume da ƙullin iri.  Ya buɗe baki zai yi magana.

Sai ladani ya ɗaga murya daga masallacin unguwa.

An kira la'asar.